"Oho": daga ina ta fito, kuma zagi ce?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni uwa ce a nan Tawa. Ɗiyata da ke kwaleji ta ɗauko wata ɗabi'a: in na tambaye ta ina ƙanenta ya shiga, ko wa ya bar randa a buɗe, sai ta ce mini "oho". Da na yi mata faɗa sai ta ce ai ba zagi ba ne, "ban sani ba" kawai take nufi. Baffanta kuma ya ce maganar ƴan fada ce, wato samarin majalisar shan shayi, daga Faransanci ko daga waya suka kwaso ta. Don Allah ina asalin kalmar nan, kuma me take nufi?

Amsa: Hajiya, barka kadai. Bari mu fara wanke ƴan fada, don wannan karon ba su da laifi. "Oho" ta girmi shayinsu, ta girmi wayar hannu, ta girmi ita kanta Jamhuriyar Nijar da ta samu ƴanci a 1960. Tana cikin babban ƙamus ɗin Hausa na Bargery da aka buga a 1934, kuma kalma ba ta shiga ƙamus sai ta daɗe tana yawo a bakin mutane.

Batun Faransanci ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Faransawa sun shiga Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano a 1903, iyaka ta raba ƙasar Hausa gida biyu, kowane ɓangare ya riƙa aro daga bakin Baturen da ya mulke shi. Shi ya sa ɗan Tawa ke zuwa lakwal (makaranta) da kaye (littafin rubutu) a hannu, ɗan Katsina kuma bai san su da waɗannan sunaye ba. Kalmar aro daga Faransanci yawanci a iyaka take cijewa. Amma "oho" fa? Tsohuwar da ke Sakkwato tana faɗinta, ta Zariya tana faɗinta, ta Maraɗi da ta Dogon Dutsi haka. Ko bambancin karin harshe bai taɓa ta ba: mu a Adar, yankin Tawa, mukan ce "tahi" inda Bakano zai ce "tafi", amma "oho" ɗinmu da nasa iri ɗaya ne. Larabci ma ba gidanta ba ne, tunda wasulansa na littafi uku ne, fataha da kisira da rufu'a, babu "o" a cikinsu.

To daga ina? Daga bakin Bahaushe. Tana cikin rukunin da masu nahawu ke kira kalmomin motsin rai, ƴan uwan "kash", "af", "wayyo", "tir" da "ash". Irin waɗannan ba su da saiwar da za a tono, ba a yi musu jam'i, ba su da namiji ko mace. Sauti ne da jiki ke fitarwa tare da wani yanayi na zuciya, aka yi ta maimaita shi har al'umma ta amince da ma'anarsa. Ga wata shaida da za ki iya gwadawa da kanki: ki lissafo kalmomin Hausa masu farawa da "o". Ofis, oda, otal, Oktoba, oga. Duk baƙi ne, daga Turanci ko Yarbanci. Asalin kalmomin Hausa ba su cika farawa da wannan wasali ba. "Oho" ta samu shiga ne don sautin motsin rai ba ya bin ƙa'idar ginin kalma, kamar dai tsaki, wanda kowa ya san ma'anarsa alhali ko haruffan rubuta shi ba mu da su.

Sai ma'ana, inda rigimarki da ɗiyarki take. Ta faɗi gaskiya, amma rabinta. "Oho" tana ɗauke da abu biyu a lokaci guda: ban sani ba, kuma ban damu in sani ba. Wani lokaci na farkon ke rinjaye. Mai ba da labari zai ce, "Tun da ya hau motar Agadas ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ko yana raye ko ya mutu, oho." Babu raini a nan ko kaɗan, har ma da ɗan jimami. Haka in ta zo a ƙarshen zance bayan "ko… ko…", ko bayan "ina", "yaushe", "ta yaya": "Yadda aka yi kuɗin suka ɓace, oho." Mai maganar da kansa ya yi tambayar, da kansa ya amsa, bai ture kowa ba.

Amma in wani ne ya yi tambaya aka jefa masa "oho" ita kaɗai, ma'ana ta biyu ce ke fitowa fili. Mai cewa "ban sani ba" ya karɓi tambayar, ya duba, bai samu amsa ba, kuma ana iya ci gaba: to wa ya gan shi da rana? Mai cewa "oho" ya mayar da tambayar ne ga mai ita, ya nuna ba aikinsa ba ne ya nemo. Ki lura da jikinta in tana faɗi. Za ki ga an taɓe baki, an ɗan ɗaga kafaɗa, ido yana kan waya ko yana kallon gefe. Rabin saƙon a nan yake.

Kalmar tana da ƴan rakiya da ke ƙara mata nauyi. "Oho dai" ta wanda aka yi wa gargaɗi ko gori ce, ya ji, kuma ba zai fasa ba. A ce wa yarinya atamfar nan ba ta yi miki kyau ba, ta ce "oho dai, na riga na ɗinka". "Oho masa" ko "oho musu" kuwa zare hannu ne daga wanda ya ƙi jin shawara, daidai da "can ta matse masa". Akwai kuma "ko oho", wadda ake faɗi a kan wani: ruwa ya ci katangar maƙwabci, shi ko oho. Wannan ta shiga har bakin ƴan jarida, kina jin rediyo na cewa hukuma ta nuna halin ko oho, ko halin ko-in-kula. Bahaushe dai ba ya rasa hanyar nuna abu bai dame shi ba. Yana da "ko a jikina, an tsikari kakkausa", yana da "can ga su gada, zomo ya ji kiɗan farauta", yana da mai zafin cikinsu, "ba kukana ba, uwar kishiya ta mutu". "Ba ruwana" ma har ta yi girman shiga siyasar duniya, don da ita aka raɗa wa ƙungiyar ƙasashe ƴan ba-ruwanmu suna, wadda aka kafa a 1961. "Oho" ita ce gajeruwarsu, kuma ta fi su saurin fita kafin mutum ya yi tunani.

Zagi ce? A'a. Ba ta taɓa uwa ko uba, ba ta ambaci aibin kowa. Sai dai tana da ma'auni, kuma ma'aunin shi ne wa ya faɗa wa wa. Tsakanin sa'o'i ba komai ba ce. Tsakanin abokan wasa ma ado ce: jika ya ce wa kakarsa "oho", ta bi shi da muciya ana dariya, haka taubasai, haka Bafillace da Babarbare. Wannan wasan na dangantaka shi ne UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin jerin al'adun gado da sunan Nijar a 2014, kuma a cikinsa an halatta maganar da ta fi "oho" kaifi nesa ba kusa ba. Babba ma yana iya faɗa wa yaro. Abin da ba a yi shi ne ta tashi daga ƙasa zuwa sama: ɗa ga mahaifi, ɗalibi ga malami, amarya ga uwar miji. A ganina faɗan da kika yi yana kan hanya. Gyara ɗaya zan ba da shawara: kada ki ce mata ta zage ki, don za ta rantse ba ta yi ba, kuma ta fi ki gaskiya. Ki ce mata amsar da ake ba sa'a ce ta ba uwa. In ba ta sani ba, "ban sani ba, Inna" ta wadatar, in ta ƙara da "bari in duba" ta gama komai.

Abin da baffanta ya ji a fada, wataƙila wata ce daban. Matasan Yamai da Tawa da suka yi lakwal suna da tasu ta Faransanci, *je m'en fous*, wadda kunnen Bahaushe ke ji kamar "jaman fu". Wannan kam baƙuwa ce, kuma ta fi "oho" rashin ladabi, don aikatau ɗin da aka gina ta a kansa na batsa ne a asalinsa. Bafaranshen da ke son ya tausasa yakan ce *je m'en fiche* ko *ça m'est égal*. Da yawa cikin yaran da ke faɗinta ba su san haka ba. Kuma ita "ban damu ba" kawai take nufi, ba ta da ɓangaren "ban sani ba" da mai "oho" ke fakewa a bayansa.

Akwai kuma wata "oho" da ba ta da alaƙa da wannan sai kamannin rubutu. Ita ce ta wanda ya gane abu bayan an yi masa bayani: "Ohoo, ashe kai ne ɗan Hajiya!" A baki ba a rikita su. Ta rashin damuwa gajera ce, murya ta fara daga ƙasa ta hau, a datse. Ta ganewa kuwa ana jan ƙarshenta, sau da yawa har da gyaɗa kai. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka a WhatsApp duk biyun kan fito da haruffa ukun nan. In kika aika mata saƙo cewa an ɗaga bikin zuwa sati mai zuwa ta amsa da "oho", ki kira ta ki ji muryarta kafin ki yanke hukunci.