Amsar Yaya ga Auta kan fetur na kara

Salamu alaikum. Auta, na ga bidiyon da ka turo cikin gurup jiya da dare, wanga da Bature ke girgiza kwalba shina cewa ƙwayoyin halitta sunka mai da karan masara man mota. Ka rubuta ƙasa, "Yaya, gaskiya ne?" Ni na san ka. Abin da kake son ji shi ne ko ka zuba kuɗin babur ɗin da ka sayar cikin kamfanin man kara da abokanka ke shirin buɗewa. To saurara har ƙarshe, kada ka ji rabi ka tafi kana cewa Yaya ya yarda.

Awo, gaskiya ne, babu tsafi ciki. Yis ɗin da Inna ke sa wa ƙullin fanke ta rufe da faifai, in ta buɗe ka ji ɗan warin tsami ya buge ka, ai shi ne. Abu ne mai rai. Shina cin sukari, shina fid da iska da itanol. Iskar ke kumbura ƙullin, itanol ɗin kuwa in anka tace shi, mota na sha. Barazil tun 1975 sunka sa wanga aiki gaba da rake, bayan tsadar man da anka yi a 1973, kuma daga 2003 sunka fara sai da motocin da ke shan fetur ko itanol, duk wanda direba ya ga ya fi araha. Amurka da masara suke yi, suna gauraya kashi 10 cikin 100 a fetur. Sai dai ka sani, lita uku na itanol ƙarfin lita biyu na fetur gare shi. Mai kabu-kabu zai gane haka tun kafin azahar.

Sabon abin shi ne kara. Rake da masara abinci ne, sai masana sunka ce bari a koma ga abin da ba a ci. Akwai sukari cikin kara, amma a ɗaure yake tamau cikin zare mai tauri, kuma wani kashi nasa, zailos ake ce mishi, yis ɗin gida bai cin shi. Sai sunka ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta da ta iya ci, sunka sa wa yis. Kamar auren mangwaro. A'a, ba daidai ba ne, shi aure reshe kake ɗaurawa a waje, wanga cikin halittar ake taɓawa. Amma ka gane nufina.

To mi ya faru? Wani kamfanin Amurka, Amyris, ya gyara yis har shina fid da mai da ake mai da shi gas na manyan motoci da man jirgin sama. Da irin wagga dabara ma anka samo sinadarin maganin zazzaɓin cizon sauro. Sun gina masana'anta a Barazil, kusa da gonakin rake. Man ya fito, amma ya fi na rijiya tsada, sai sunka karkata ga kayan shafe-shafe na mata, inda ɗan ƙaramin kwalba ke kawo kuɗi, kuma duk da haka a 2023 sunka kai kansu kotu bashi ya ci su. DuPont fa, shi ma kamfanin Amurka? Sun buɗe ƙatuwar masana'antar karan masara a jihar Ayowa a 2015, a 2017 sunka rufe. Mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa ke nan, Auta.

Kuma su can kara shara ne. Nan wa ya ce maka kara shara ne? Fita bayan girbi ka gani, ko sili ba a bari a gona. Da shi ake danga, da shi ake rufin rumfa, mata su hura wuta, tokar ma a tace ta shiga tukunya. Sauran a ɗora bisa itace a ajiye wa shanu. Je ka kasuwa cikin watan Afrilu ka taya dami guda, lokacin da bisashe sunka rame, ka ji kuɗin da za a gaya maka. Mai kiwon ragon layya zai fi masana'antarku tayi kullum. Ɓuntun shinkafa, to, shi na yarda shina taruwa bakin injin, amma shi kuma tauri gare shi, yashi-yashi ne, bar shi dai.

Ni abin da ke ƙona min rai, an taɓa yi muna irin wagga. Kai kana firamare. Bayan gwamnati ta fid da tsarinta na man tsirrai a 2007, wasu mutane sunka zo da jif da fom, wai a shuka bini-da-zugu, ba ya son ruwa, ba ya son taki, su za su saye 'ya'yan a matse man gas. Ni da karatuna na kimiyya, ni na lallashi Baba, Allah shi jiƙan shi, ya ba ni gonar bakin hanya, wadda ke ba mu gero. Shekara uku. Ashe rayuwa ɗai yake babu ruwa, 'ya'ya kam sai ya sha. Ɗan abin da munka tsinta buhu biyu da rabi, sun yi shekara biyu cikin zaure har ɓera bai kula su ba. Ko akuya ba ta cin ganyen, dafi gare shi. Lambar wayar da ke jikin fom ɗin kuwa, har yau a kashe take. Baba bai taɓa yi min faɗa ba, sai dai in baƙo ya zo ya nuna buhunan ya ce, "Ga rijiyar man Malam." Wanga ya fi min mari zafi. Da kaina na tumɓuke kututturan da gatari, kwana huɗu, tafin hannuna duk ya yi kanta.

Ina nike ma? Awo. Ban ce a bar binciken ba. Tun da anka cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san inda ke mishi ciwo, kuma ga cibiyar binciken makamashi nan Jami'ar Ɗanfodiyo, aikinsu ne, su gwada da ƙaramar tukunya. Gwaji da kuɗin bincike ake yin shi, ba da kuɗin babur ba.

Ka ce wa abokan naka su rubuto min a takarda: dami nawa ke ba da lita guda, nawa za su sai damin, kuma da wace wuta za su tace man, don tatar nan dafuwa ce, sai an tafasa. In sun rubuto, kawo min gida bayan la'asar. Kada ka ba kowa sisi kafin nan. Inna, in kina ji, riƙe mishi kuɗin.