Yaya zan gane fikof ɗin jitata na Steve Vai ne da gaske?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na sayi jitar lantarki ƙirar Ibanez a hannun wani mai kayan gwanjo a nan Kaduna. Ya ce fikof ɗin (na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya) da ke kusa da jaki, wato abin da tsirkiyoyi suke hawa a jikin jitar, DiMarzio Evolution ne, wanda aka yi wa makaɗin jita Steve Vai, har ya ƙara mini kuɗi saboda shi. Abokina kuma ya dage cewa Seymour Duncan JB ne, na makaɗi Jeff Beck. Babu rubutu ko ɗaya a fuskarsa. Na auna da mita ta bakin soket ɗin jitar, ta nuna 14. Yaya zan gane gaskiya? Kuma ni da kiɗan biki nake yi, wanne ya fi mini: wannan, ko JB, ko na makaɗi Slash?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari mu fara sallamar abokinka, domin tasa ta fi sauƙi. JB yana auna wajen kilo'om (ma'aunin turjiyar waya ga wutar lantarki) 16 da ɗoriya, kai kuma mitarka ta tsaya a 14. Tazarar ta yi yawa. Sannan ka dubi fuskar fikof ɗin da kyau: JB yana da layi ɗaya na sukurori masu tsaga, irin waɗanda sukundireba ke kamawa, da layi ɗaya na dunƙulen ƙarfe mai santsi. Evolution kuwa duka layukansa biyu sukurori ne masu rami mai kusurwa shida. In ka ga ramuka 12, maganar JB ta mutu. Kuma ka faɗa wa abokin naka cewa ko da JB ne, ba a sayar da shi a matsayin fikof mai sa hannun Jeff Beck ba. Asalinsa dai yana da alaƙa da wata jita da Seymour Duncan ya haɗa wa Beck a shekarun 1970, shi ya sa mutane suke jingina masa shi.

To sai dai kar ka yi murna tukuna. Kawar da JB bai tabbatar da maganar mai gwanjo ba, kuma a nan ne mita take yaudarar mutane.

Fikof ba wani abu ba ne illa maganaɗisu da siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗa sau dubbai. Tsirkiya ta motsa a samansa, ya haifar da 'yar wuta, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi. Abin da mita take auna maka shi ne tsawon wayar nan da sirantarta, ba ƙarfin sauti ba. Waya mai siranta tana ba da lamba babba ko da naɗin bai fi yawa ba, wannan ma yana cikin abin da ya ɗaga lambar JB. Evolution na wajen jaki kamfanin ya rubuta masa 13.84. Amma akwai yayansa a gida ɗaya, Super Distortion, wanda Larry DiMarzio ya fitar tun farkon shekarun 1970, shi kuma 13.68 ne, kuma shi ma ramuka 12 gare shi. Ka ga lambar 14 ba za ta raba maka su ba.

Ga kuma abin da masu rubuta waɗannan lambobi a Amurka ba su cika tunawa da shi ba: zafi. Jan ƙarfe yana ƙara turjiya da kusan kashi 4 cikin 100 a duk ƙarin digiri 10. Fikof ɗin da aka auna a ɗaki mai sanyi ya nuna 13.8, in ka auna shi da azahar a watan Afrilu zai haura 14 da rabi, lafiyarsa ƙalau. Na sha ganin wanda ya zo shagona rai a ɓace, wai an cuce shi, alhali jitar ce ta wuni a bayan mota. Ta ɗaya ɓangaren kuma, auna ta bakin soket yana rage lambar kaɗan, domin maɓallin ƙara sauti yana cikin layin. Ɗaya ya ɗaga, ɗaya ya sauke. Saboda haka lambarka ta ce “mai yiwuwa ne”, ba ta ce “tabbas” ba.

Tabbas ɗin yana bayan fikof. Ka sassauta tsirkiyoyi, ka kwance sukurorin firam ɗin, ka shimfiɗa tsumma a kan jikin jitar don kar fenti ya kwarzane, ka juya shi a hankali ba tare da ka ja wayar ba. Na DiMarzio gindinsa yawanci ƙarfe ne mai ruwan tagulla, da sunan kamfanin a jiki, da lambar samfur. Evolution na wajen jaki DP159 ne, na wajen wuya DP158. Super Distortion DP100. Na Seymour Duncan gindinsa fari ne kamar azurfa, da 'yar takarda a manne. JB shi ne SH-4, ko TB-4 in mai faɗin tazara ne. Tsofaffin wasu an rubuta musu JBJ, harafin ƙarshen alama ce ta wadda ta naɗa shi, Maricela Juarez, kuma masu nema suna biyan kuɗi sosai a kansu.

Amma takarda da tambari su ne abu na farko da ɗan jabu yake kwaikwaya. Ka bi wayar zuwa inda aka liƙa ta da dalma. A tsarin DiMarzio ja ce ke ɗaukar sauti, kore ta tafi ƙasa, baƙa da fara a haɗe an naɗe su da salatif. A tsarin Seymour Duncan baƙa ce ke ɗaukar sauti, ja da fara su ne a haɗe. In gindi ya ce DiMarzio amma launin wayoyi ya ce wani abu dabam, ko ka tarar da waya biyu kacal, to ka san akwai lauje cikin naɗi.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na ƙarshe, kuma ba kowa ke yinsa ba. Irin wannan fikof tagwayen naɗi ne, wanda ake kira hambaka. Seth Lover ya ƙirƙiro shi wa kamfanin jita na Gibson a 1955 don kashe gurnanin wutar lantarki, naɗi ɗaya yana soke gurnanin ɗaya. A Super Distortion tagwayen daidai suke. A Evolution da gangan aka bambanta kaurin wayarsu. Ka ɗora tsinken mita ɗaya a kan ja, ɗaya a mahaɗar baƙa da fara, ka rubuta lambar. Sannan daga mahaɗar zuwa kore. In lambobin biyu sun zo kusan ɗaya, ba Evolution ba ne, ko me takarda ta ce. In sun bambanta a fili, ga DP159 a gindi, ga launin wayoyi daidai, to mai gwanjo bai yi maka ƙarya ba.

Wani abu da ya kamata ka sani tunda Ibanez ce: akwai jitocinsu da ke zuwa da fikof mai rubutun DiMarzio/IBZ. DiMarzio ce ta yi su, amma ba su ne na Vai ba. Haka Duncan Designed, ƙirar Asiya ce da izinin kamfanin Seymour Duncan, ba ita ce ta masana'antarsu ta Santa Barbara a Amurka ba. Ba jabu ba ne, kuma wasunsu suna da daɗi, amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma ta wannan ƙofar aka fi cutar mai saye.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu, wanda a ganina ya fi na farkon muhimmanci. Sunan makaɗi a kan fikof yana nufin an gina shi ne don ya warware matsalar wannan makaɗin, da jitarsa, da amfilifayarsa. Vai yana son kowane ƙaramin motsin yatsa ya fito tar ko da an cika murɗa sauti, shi ya sa Evolution yake da maganaɗisun siramik, mai ƙarfi da kaifi. Ba ya rufa wa kowa asiri. In yatsanka ya zame, duk zauren biki sai ya ji. Na Slash, wato Seymour Duncan APH-2, ya saɓa da shi ta ko'ina: maganaɗisun alniko 2 (wani haɗin ƙarafa) mai laushi, lambarsa tsakanin 8 da 9. Labarinsa shi ne Slash ya yi faifan Appetite for Destruction na 1987 da wata jita kwaikwayon Les Paul ta Gibson mai ɗauke da fikof ɗin Alnico II Pro na kowa da kowa. Shekaru da yawa bayan haka aka ƙara wa naɗin kaɗan don sauran jitocinsa su yi kama da waccan. Wato sautin da ya sa ka san sunansa ma ba da fikof mai sunansa aka yi shi ba. JB yana tsakani, alniko 5, muryarsa tana ratsa cikin ganguna da fiyano, amma ƙasansa ba shi da tsauri kamar na Evolution.

Akwai wani gida kuma na masu batir. Saitin makaɗi Zakk Wylde na kamfanin EMG, 81 da 85, yana aiki da batir mai bolt 9, kuma sai ka canza maɓallan jitar daga masu kilo'om 500 zuwa masu kilo'om 25. Fishman Fluence na Tosin Abasi, Ba'amurken da iyayensa 'yan Najeriya ne, ba shi ma da naɗin waya irin na gargajiya, faya-fayan lantarki ne aka jera. Waɗannan mita ba ta gaya maka komai a kansu. Ka leƙa ka ga ko akwai gidan batir, shi ke nan.

In za ka gwada biyu da kunnenka, ka yi musu adalci. Tsirkiyoyi iri ɗaya, amfilifaya ɗaya, tazarar fikof da tsirkiya ɗaya, wajen milimita 2 in ka danne tsirkiyar a ƙarshen wuya. Ka daidaita ƙarar su biyun kafin ka yanke hukunci, domin kunne yana ɗaukar wanda ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi. Ka naɗa a waya, ka bar shi ya kwana, gobe abokinka ya kunna maka ba tare da ya faɗa maka wanne ne wanne ba. Na yi wa mutane wannan sun zaɓi mai araha da bakinsu.

Ni dai da ni ne kai, ba zan sayi komai ba yanzu. Kiɗan biki yana son sauti garau mai tartsatsi, kuma in kunnenka ya karkata ga salon 'yan Agadas irin su Mdou Moctar, shi jita ƙirar Stratocaster yake riƙewa, mai fikof na naɗi ɗaya. A cikin ukun da ka lissafa na Slash ne ya fi kusa da buƙatarka, amma ko shi ba zai ba ka wannan tartsatsin ba. In gwajin ya nuna Evolution ne na gaske, ka fara da sauke shi ƙasa kaɗan da sukurorin gefe biyu, ka rage maɓallin ƙara zuwa 7, za ka ji kaifin ya lafa. Sannan ka kai wa mai gyara ya sa maka maɓalli mai ja da turawa, ya haɗa mahaɗar baƙa da fara a jikinsa. Ka ja, naɗi ɗaya ya mutu, ka samu siririn sauti na kiɗan rawa. Ka tura, hambakarka ta dawo. Ka sani dai, da zarar ka ja shi gurnanin da Seth Lover ya kashe zai dawo, musamman in janareta ne ke ba ku wuta, don haka kar ka tsaya kusa da amfilifaya ko ƙarƙashin fitilun dandamali.