Tumbi bayan ɗaukewar haila: likita ya amsa tambayoyinku

Wata uwa daga Tawa: Likita, shekaruna 52, haila ta ɗauke mini shekara ɗaya da rabi ke nan. Cina bai ƙaru ba, amma zanen da nake ɗaurawa har da saura yanzu da ƙyar yake haɗuwa. Ciwo ne?

Hajiya, galibi jiki ne ya sake tsari. Mace takan daina haila tsakanin shekara 45 da 55, kuma sai an cika wata 12 babu jini muke cewa ta ɗauke. Daga nan sinadarin mata da ake kira istirojin yake ja baya, sai kitsen da a da yake sauka a cinyoyi da mazaunai ya koma ciki, ya kewaye hanji da hanta. Tsoka ma tana raguwa da shekaru, alhali ita ce ke ƙona abinci. Ga kuma hutu: daka da jan ruwa sun koma hannun 'ya'ya da surukai, amma ƙwaryar fura tana nan yadda take.

Ni ƙugunki ya fi damuna, ba kilo nawa kike ba. Ki ari abin awo wurin tela, ki tsaya, ki saki numfashi, ki auna daidai cibiya. In ya wuce santimita 80 a fara hattara. Daga 88 haɗarin ya yi yawa. Kitsen ciki ba ya zama shiru. Yana jawo hawan jini da ciwon sukari, yana ƙara mugun kitsen da ke daskarewa a hanyoyin jinin zuciya, daidai lokacin da kariyar da istirojin ke ba mace ta janye.

Wani magidanci daga Madawa: Uwargidana ta yi jiki, kowa na yaba mini riƙo. An auna jininta an ce 15/9, amma ko ciwon kai ba ta yi. Dole ne ta sha magani?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, amma yabon mutane ba ya sauke jini. Hawan jini yakan yi shekaru bai nuna alama ba, wata sai ta faɗi rabin jiki ya shanye ake ganewa. Awo ɗaya bai isa hukunci ba: a maimaita a ranaku daban, tana zaune ta huta. In yana kai 14/9 ko fiye, hawan jini ne, kuma in aka ɗora ta kan magani ba a ajiye shi don an ji sauƙi. A auna mata sukari da safe kafin ta karya. Giram 1,26 ko fiye a litar jini, in ya maimaitu, ciwon sukari ne.

Sauran aikin a madafa yake. Gishirin yini ɗaya kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali guda, kuma magi da kanwa da kilishi duk suna cikin lissafin. A rage sukarin shayi da na fura, a rage soye-soye, a yawaita wake, zogale da kuɓewa. Sai tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a mako, bayan asuba kafin rana ta buɗe. Ka raka ta, Alhaji. Na tabbata naka tumbin ma ba zai ƙi ba.

Wata daga Ƙonni: Shayin rage ƙiba da ake talla a WhatsApp fa?

Malama, riƙe kuɗinki. Da yawansu zawo da fitsari suke sawa, ruwa ya fita, kitse na nan, ƙoda ta sha wahala.

Wata budurwa daga Illela: Innata, mai shekara 58, in ta yi tafiya kaɗan sai haki da zafin ƙirji. Muna ba ta maganin gyambon ciki.

'Yata, ku daina zato. Ciwon zuciya a jikin mace ba lallai ya zo da matsanancin ciwon ƙirji ba; yakan zo da haki, tashin zuciya, gajiya marar dalili, ko ciwo a muƙamuƙi, baya ko hannu. Ku kai ta asibiti cikin makon nan a ɗauki awon bugun zuciyarta. In kuwa abin ya taso mata tana zaune, da zufa mai sanyi, ya wuce 'yan mintoci bai lafa ba, ko tsakar dare ne ku nemi mota.