Sitiroberi na ruɓewa tun yana jikin uwa: amsar tambayoyinku

Salamu alaikum manoma. Wannan karon tambayoyin sitiroberi ne suka fi yawa, to bari mu fara da ta wata Hajiya daga Bukuru, ta ce: "Malam na shuka sitiroberi a buhuna bayan gida, da ya fara nuna sai wani tabo ruwan ƙasa ya fito ta wajen hular ɗan, kafin kwana biyu ya yi laushi ya rufe da funfuna toka-toka, in na taɓa har ƙura yake tashi. Na fesa maganin ƙwari amma ba canji."

Hajiya ai ba za a ga canji ba, don ba ƙwaro ba ne. Funfuna ce, masana suna kiranta Botrytis cinerea, ita ce dai take kama tumatir da inabi. Kuma abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne ba ranar da kika ga tabon ta shiga ba, tun lokacin fure ta shiga ta laɓe a gindin furen ta yi shiru abinta har sai ɗan ya fara ja ya yi zaƙi sannan ta farka, shi ya sa ruɓewar take yawan farawa ta wajen hula. Wannan ƙurar da kika ga tana tashi kuwa ita ce irin da funfunar ke yaɗuwa da shi, iska da fantsamar ruwa su ke kai shi kan sauran furanni.

Abin da take so sanyi-sanyi ne da laima, zafi wajen digiri 15 zuwa 22, ga ganye da fure sun kwana a jiƙe. To kin ga yanayin Jos da ya sa sitiroberi ke yi a su Chaha da Vom, shi ne kuma ya yi wa cutar daɗi, musamman in akwai raɓa ko an samu ruwan sama. Sanyi ba a hannunki yake ba, amma laima tana hannunki. Ki daina ban ruwa da yamma, ki kuma daina watsa shi ta sama da bokiti, ki bayar da safe a gindi da buta mai dogon baki yadda in ma ganye ya jiƙe rana za ta busar da shi. Buhunan nan in kin jera su manne da juna jikin katanga don Allah ki raba su, ki bar kamar santimita 30 zuwa 40 tsakanin tushe da tushe, a inda iska ke ratsawa kuma hantsi ke samunsu. Sai ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙarƙashi, karan acca ma ya yi tunda kuna da shi a nan, don kar 'ya'yan su kwanta kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, amma kar ki tula ta ta rufe zuciyar shukar.

Wanda ya riga ya kamu kuma ba shi da magani. Ki sa hannunki cikin leda ki kama shi a hankali ki tsinke, ki juyo ledar ta rufe shi, ki binne can nesa ko ki ƙona, kar a jefa cikin takin gida. Haka matattun ganyen da ke ƙasa da furen da ya bushe, a kansu take zama tana jiran sabon fure, duk ki kwashe. Ki yi wannan aikin in raɓa ta bushe, kuma ki fara tsinke masu lafiya kafin ki taɓa ruɓaɓɓu.

Wani ɗan'uwa daga Zariya ya ce nasa ganye ya yi kore shar har ba a ganin ƙasa amma 'ya'yan suna ruɓewa a ciki, wai ko ya ƙara taki. A'a Malam, takin ne ma ya yi yawa. Yuriya da kashin kaji in suka yi yawa ganye ne kawai zai cunkushe, iska ba ta shiga, 'ya'yan kuma su fito da laushi. Da zarar fure ya fara ka ja baya da su, ka rage tsofaffin ganye har ka riƙa hango 'ya'yan daga tsaye.

Masu tambayar wane magani za a fesa, ni dai a ganina mai buhu goma ko ashirin a gida bai kai ga feshi ba, tsafta da ban ruwan safe sun isa, balle abu ne da yara ke tsinka su kai baki. Mai babban lambu kuwa in zai yi to lokacin fure ake yi ba bayan an ga ruɓa ba, ya nemi maganin funfuna irin su captan, ya duba takardar jikin maganin ya tabbatar an yarda a sa wa sitiroberi da kwana nawa za a jira kafin tsinka, kuma kar ya dogara da magani guda kullum don wannan cutar tana saurin sabawa da magani. A tuntuɓi malamin gona kafin a kashe kuɗi.

Ta ƙarshe, wata ta ce ta tsinka lafiya lau amma washegari ya yi funfuna a roba. Ranki ya daɗe, da cutar a jikinsa kika tsinko shi. Ki riƙa tsinka kullum ko bayan kwana biyu kar ya nuna ya wuce, kar ki wanke sai za a ci, ki shimfiɗa shi a faranti ba tulawa ba, ki sa a firij nan da nan. Sanyi rage mata gudu kawai yake yi ba kashe ta ba, don haka in wuta ba ta tsayawa a unguwarku gara a cinye a ranar.