Gasar ƙwallon ɗana ta faɗo a tsakiyar hutun iyalinmu: mu tafi ko mu fasa?

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. 'Ya'yana uku ne. Na tsakiyan namiji ne, shekararsa 11, yana buga ƙwallon ƙafa a wata ƙungiyar yara. Atisaye sau biyar a mako, awa biyu da rabi kowace rana, ga wasa duk Asabar. Babansu sau ɗaya yake samun hutun aiki a shekara, mako biyu, kuma mun riga mun tsara tafiya har mun biya kuɗin masauki. Yanzu saura mako biyar, sai ga koci ya sanar da gasa ta kwana huɗu a daidai tsakiyar hutun, ya ce duk wanda bai zo ba kada ya sa ran samun gurbinsa. Bara ma haka muka fasa tafiya. Yaron sai kuka yake yi, yayarsa mai shekara 14 ta ce komai na gidan nan a kan ƙwallonsa yake tafiya, autan kuma kullum yana ƙirga kwanakin tafiya. Wani abin kuma, kwanan nan yana ɗingishi bayan atisaye, yana cewa dunduniyarsa na ciwo. Don Allah me za mu yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Shawarata ita ce ku yi tafiyarku, ku tafi da shi. Amma kafin in faɗi dalili, bari in fara da abin da kika ajiye a ƙarshen wasiƙarki, domin shi ya fi tsaya min a rai.

Yaro ɗan shekara 11 da ke ɗingishi bayan atisaye yana nuna dunduniya, abin da likita zai fara tunani shi ne ciwon da ake kira Sever, sunan likitan ƙashi ɗan Amurka da ya yi bayaninsa a 1912. A bayan ƙashin dunduniyar yaro akwai wani wuri mai taushi, guringuntsi ne da bai gama zama ƙashi ba, daga nan ƙashin yake girma. Babbar jijiyar da ta sauko daga sha-raɓa a nan take manne. Idan yaro ya shiga shekarun miƙewa, ƙashi yakan riga tsoka tsawo, sai jijiyar ta ɗame, duk gudu da tsalle tana fizgar wannan wuri mai taushi. Ki haɗa da takalmin ƙwallo mai ƙusoshi a kan busasshen fili, sau biyar a mako. An fi ganinsa tsakanin shekara 8 zuwa 14. Yana da ɗan'uwa a gwiwa, Osgood-Schlatter, wanda ke kumbura ƙasan ƙoƙon gwiwa ta irin wannan hanya. Idan kika zaunar da shi kika matsa gefe biyu na dunduniyar da yatsunki ya janye ƙafa, to alamar ta ƙara ƙarfi. Duk da haka ki kai shi a duba shi cikin makon nan, domin ba a gane ciwo ta wasiƙa. In kuwa ciwon yana tashinsa daga barci, ko wurin ya kumbura ya yi zafi, ko akwai zazzaɓi, ko ya kasa taka ƙafar sam, kada ki jira ko kwana ɗaya.

Abin kwantar da hankali, wannan ciwo ba ya barin naƙasa, yana wucewa idan ƙashin ya gama haɗewa. Maganinsa rage nauyin da ake ɗora wa ƙafar, sa ƙanƙara a cikin tsumma na kamar minti 15 bayan motsa jiki, miƙa tsokar sha-raɓa a hankali, da ɗan matashin dunduniya a cikin takalmi. Gasar kwana huɗu, inda yara kan buga wasa biyu a yini, ita ce kishiyar duk wannan.

Na yi lissafin awanninsa. Awa biyu da rabi sau biyar 12 da rabi ke nan, da wasan Asabar ya kusa awa 14 a mako. A 2015 likita Neeru Jayanthi da abokan aikinsa a Amurka sun wallafa binciken da suka yi kan yara 'yan wasa fiye da dubu, masu shekara 7 zuwa 18. Suka gano cewa yaran da awannin wasansu na ƙungiya a mako suka zarce adadin shekarunsu sun fi kamuwa da munanan raunukan da yawan maimaita motsi ke jawowa. Daga nan aka samu ma'aunin da nake ba iyaye saboda sauƙin riƙewa: ɗan shekara 11, kada ya wuce awa 11 a mako. Shekara ɗaya bayan haka, a 2016, Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da shawarar yaro ya samu hutun kwana ɗaya zuwa biyu a mako daga wasansa, sannan ya huta daga wannan wasan na jimillar wata uku a shekara, a rarrabe wata ɗaya-ɗaya, yana wasu wasannin daban a lokacin. Ta kuma ce a jinkirta tsayawa kan wasa guda har wajen shekara 15 ko 16. Ki duba shekarar ɗanki da ta wuce, ki nemo min wata guda cur da bai taka ƙwallo a ƙungiya ba. Ina zaton ba za ki samu ba, tunda bara ma an fasa tafiya. Mako biyun nan bashi ne da jikinsa yake binku.

Na san tsoron da ke zuciyarki, cewa zai dawo ya tarar an wuce shi. Iya sarrafa ƙwallo, iya ba da fas, sanin inda zai tsaya a fili, waɗannan abubuwa ne da suka zauna a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ba sa gogewa a mako biyu, kamar yadda mai iya keke ba ya mantawa. Juriyar numfashi ce kan ɗan ragu idan mutum ya zauna zaman dirshan, shi kuwa yaron da ke yawo da iyo da guje-guje da ƙaninsa ba zama yake yi ba, kuma abin da ya ragu yakan dawo cikin 'yan kwanaki na atisaye. Sau da yawa ma yaro yakan dawo da ƙafa sakayau da ƙishin ƙwallo, abin da ya daɗe bai ji ba.

Masu horarwa suna son cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma ɗanyen icce shi ne kuma mafi saurin tsagewa idan aka matsa. Ki dubi ƙasar Norway. Tun 1987 suke da dokar haƙƙin yara a wasanni: ba a shigar da yaro gasar ƙasa kafin shekara 13, ba a fitar da jerin wanda ya zo na ɗaya da na ƙarshe kafin shekara 11. Ƙasa ce mai mutane kimanin miliyan biyar da rabi, amma ta kwashe lambobi 39 a gasar Olamfik ta lokacin sanyi a 2018, fiye da kowace ƙasa. Shahararren ɗan ƙwallon nan Erling Haaland a wannan tsari ya taso, a ƙaramar ƙungiyar garin Bryne, yana ƙwallon hannu da guje-guje da tsalle-tsalle tare da ƙwallon ƙafa. Gwanin tanis Roger Federer, ɗan ƙasar Switzerland, shi ma ya buga ƙwallon ƙafa har wajen shekara 12 kafin ya tsaya kan tanis. Ba wai ina nufin duk wanda ya huta zai zama Haaland ba. Ina nufin gasa guda a shekara 11 ba ta buɗe ƙofa, ba ta kuma rufe ta.

Yanzu batun koci. Kada ki ɗauke shi abokin gaba. Yana buƙatar sanin yawan yaran da zai tafi da su, wataƙila ya biya kuɗin rajista, kuma ya sha ganin iyaye suna ɓacewa ranar wasa babu ko sallama. Haƙƙinsa a kanku shi ne ya sani da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya. Mako biyar lokaci ne isasshe. Ku je ke da babansa, ido da ido, ba ta saƙon waya ba, kuma ba a bakin fili yara na saurare ba. Ku faɗa masa a taƙaice: mun tsara wannan tafiya kafin a sanar da gasar, ita ce kaɗai hutun babansa a shekara, ga kuma abin da likita ya ce game da dunduniyarsa, ba zai samu zuwa ba, zai dawo atisaye ranar kaza, akwai abin da kake so ya riƙa yi a can? Ku je da sanarwa cikin girmamawa, kada ku je neman izini, domin wanda ya nemi izini ya ba da damar a hana shi. Tambayar ƙarshen nan tana da amfani, tana nuna masa cewa ba raina aikinsa kuka yi ba.

Zai iya ajiye shi a benci wasa ɗaya ko biyu bayan kun dawo. Wannan adalci ne ga yaran da suka je, ku shirya wa ɗanku zuciya a kan haka tun yanzu. Amma idan da gaske kocin ya kori yaro ɗan shekara 11 mai ciwon dunduniya don ya bi iyayensa tafiyar da aka sanar mako biyar kafin lokaci, to ya nuna muku irin riƙon da yake yi wa yara, kuma ni ba zan so ɗana ya ƙara kakar wasa ɗaya a hannunsa ba.

Kukan yaron kuma na gaske ne, kada a ce masa ai ƙwallo ce kawai. Ki zauna da shi ku biyu ki tambaye shi me ya fi ba shi tsoro. Wata uwa ta taɓa kawo min ɗanta da ciwon gwiwa, shi ma ana cikin irin wannan ja-in-ja. Yana zaune a kan gadon duba marasa lafiya yana wasa da igiyar takalminsa, na tambaye shi me zai rasa idan bai je gasar ba. Ya daɗe bai ɗago kai ba, sannan ya ce abokansa za su kwana ɗaki ɗaya, za su dawo da labarai shi ba ya ciki. Kofin ko ambatonsa bai yi ba. Uwar ta yi shiru, domin wata biyu tana faɗa da mijinta a kan makomar yaron a ƙwallo. Wannan ya yi daidai da binciken Amanda Visek ta Jami'ar George Washington a 2015, inda yara 'yan ƙwallo da iyaye da masu horarwa suka lissafa abubuwa 81 da ke sa wasa daɗi. Yin iyakar ƙoƙari, koci mai mutunta yara, samun shiga fili da jituwa da abokai su ne a sama. Cin wasa yana can nesa a ƙasa. Idan damuwar ɗanki ta abokai ce, tana da magani mai sauƙi: ya kira su ta bidiyo daren wasan farko, ya sayo musu 'yar tsaraba, ku gayyace su gida bayan kun dawo. Abu ɗaya dai, ku ne za ku yanke hukuncin, ku faɗa masa da baki ɗaya ke da babansa. Kada ku ce masa ya zaɓa tsakanin ƙungiyarsa da 'yan'uwansa. Wannan kaya ya fi ƙarfin wuyan ɗan shekara 11, kuma duk wanda ya zaɓa zai kwana da laifin ɗayan.

Maganar yayarsa ta sosa min rai. Yarinya mai shekara 14 da ta iya buɗe baki ta faɗi haka ta daɗe tana haɗiyewa. Ki ƙirga Asabar nawa ta yi a gefen fili tana riƙe da gorar ruwan ƙaninta. Ki kuma ƙirga hutu nawa ya rage muku da ita kafin karatu ya ɗauke ta daga gida: huɗu, ko biyar in an yi sa'a. An riga an cinye na bara. Ku ba ta yini guda a tafiyar nan ta tsara shi yadda take so, autan ma a ba shi nasa, mai ƙwallon ya bi su kamar yadda suka saba binsa.

Da shekarunsa 16 ko 17 ne, kuma gasar ita ce inda masu neman 'yan wasa za su zo, ko wasan ƙarshe ne da aka san ranarsa tun farkon kakar wasa ya kuma yi alkawari, da amsata ta bambanta: sai in ce a matsa ranar tafiya, ko ɗayanku ya tsaya da shi su biyo ku daga baya. Naki ba haka yake ba.

Don kada a maimaita baɗi, da zarar babansu ya san ranar hutunsa ku rubuta a kalanda ku kai wa koci tun farkon kaka, ku kuma nemi jadawalin gasanninsa. A wannan zaman ne za ku yi maganar rage atisaye zuwa kwana uku ko huɗu. Ki duba barcinsa ma, yara masu shekara 6 zuwa 12 suna buƙatar awa 9 zuwa 12 a dare, kuma mai dawowa daga fili da yamma ga aikin makaranta da wuya ya cika su.

A can kuwa, ku bar takalmin ƙusoshi a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu kimanin minti 60 na motsa jiki a rana, kuma iyo da keke da tafiyar ƙasa sun wadatar, iyo da keke ma ba sa dukan dunduniya. Idan likita ya yarda, ku saka masa ƙaramar ƙwallo a jaka ya riƙa ɗan taɓawa da ƙaninsa a kan ciyawa, sanye da takalmi mai taushi, ba ƙafa tsirara a kan siminti ba. Makon farko bayan dawowa ya yi rabin atisaye, ki riƙa lura da takunsa daga fili zuwa mota. In ɗingishin ya dawo, ku koma wurin likitan kafin wasan Asabar.