Amsa: Me ya sa aka tsige Saul, aka bar Dawuda?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa Allah ya ƙwace sarauta daga Saul amma ya bar Dawuda, alhali laifin Dawuda, wato zina da Batsheba da sa a kashe mijinta, ya fi muni. A ganina, bambancin yana wurin amsar da kowannensu ya ba annabi.

Duba 1 Sama'ila 15. An umarci Saul ya hallaka Amalekawa, sai ya bar sarkinsu Agag da kyawawan dabbobi. Annabi Sama'ila na jin kukan tumaki da kunnensa, Saul kuwa na cewa ya cika umarni. Da aka matsa masa, ya ɗora wa jama'a. Ko da ya amsa laifi, damuwarsa a girmama shi gaban dattawa.

Shi kuwa Dawuda, da annabi Natan ya kawo masa labarin matalauci mai 'yar tunkiya ɗaya wadda wani mai arziki ya ƙwace, shi da bakinsa ya yanke hukunci, aka ce ai kai ne. Bai yi gardama ba.

Kada ka ɗauka ya sha da sauƙi fa. Jaririn da Batsheba ta haifa ya mutu, Absalom ɗan Dawuda ya kashe ɗan'uwansa Amnon, daga baya ya kori mahaifinsa daga Urushalima.