Zanen Radha da Krishna da na gada yana ɓarewa: in kai a yi masa laminatin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, hankalina a tashe yake. Cikin kayan marigayi mahaifina akwai wani ɗan ƙaramin zanen hannu na Indiya, bai wuce faɗin littafin rubutu ba. Wani malamin lissafi Ba'indiye da suka koyar tare a sakandare ne ya ba shi da zai koma gida a shekarun 1980. Krishna ne, abin bautar mabiya addinin Hindu, da masoyiyarsa Radha a gindin bishiya, hadari ya haɗo, ga kogi a gabansu. Na karanci zane-zane a jami'a, kuma salon ya yi mini kama da na Kangra, wata tsohuwar masarauta a tsaunukan arewacin Indiya. Tun hunturun bara fenti ya soma ɓarewa a wajen mayafin Radha, kogin kuma ya yi baƙi. Mai firam ya ce in kawo ya goge baƙin da auduga da sifirit, sannan a yi masa laminatin, wai daga nan ba abin da zai sake taɓa shi. Jibi nake da niyyar kaiwa. In kai? Kuma yaya zan gane ko tsoho ne na gaske? Daga wata mai karatu, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinki. Malama, kada ki kai. Ki cire maganar jibin nan daga ranki. Zanen da ke ɓarewa ana iya ceto shi, amma ranar da ya bi ta cikin injin laminatin, aikin gama ya gama.

Tunda kin karanci fannin, kin san wannan ba fentin mai ba ne. Garin launi ne aka kwaɓa da ƙaro da ruwa, aka shimfiɗa shi hawa-hawa a kan wasli, wato takardu biyu ko uku da aka manne da sitaci suka zama ɗaya. Duk hawan da ya bushe, mai zanen yakan kife takardar a kan dutse mai santsi ya dirje bayanta da aƙiƙ, wani dutse mai tauri da sulɓi, daga nan sheƙin da kike gani ya samo asali. Ƙaron da ke riƙe da launin kaɗan ne ƙwarai, kuma ko bayan shekara 200 ruwa yana narkar da shi. Takarda tana kumbura da damina, tana tsukewa da hunturu, fentin kuwa ba ya iya bin ta. A Zariya danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a watan Janairu, ya haura 80 a Agusta. Ja da sakin nan na kowace shekara shi ke tsattsage fenti, kuma inda ya fi kauri, kamar mayafi da farin ado, nan yake fara tashi.

Baƙin kogin kuwa ba datti ba ne. Kogin Yamuna ne, kuma masu zanen yankin Rajasthan da na salon Pahari, wato na tsaunukan da Kangra take, sun saba shafa azurfa a wurin ruwa don ya yi walƙiya. Azurfa in ta sha iskar da ke ɗauke da farar wuta sai ta dushe, ta koma toka-toka ko baƙi. A manyan gidajen tarihi na Delhi da Landan haka kogunan suke, ba wanda yake goge su. Audugar mai firam ba za ta dawo da haske ba, azurfar za ta kwashe, ta bar miki takarda tsirara.

Yanzu ga maganar laminatin, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya a wannan aiki. An shuka wa mutanenmu cewa duk abin da aka rufe da roba ya tsira. Takardar haihuwa laminatin, shaidar kammala makaranta laminatin, hoton kaka laminatin, har tsofaffin wasiƙun ajami na iyaye ana kawo mini su a ƙame cikin roba, mai su yana murna ya adana. Ki san abin da injin yake yi. Ledar tana da gam a cikinta, injin yana dafa ta da zafin da ya wuce na tafasasshen ruwa, sannan ya matse ta tsakanin robobi masu juyawa. Gam ɗin da ya narke yana ratsa fenti, ya kama shi fiye da yadda ƙaro ya taɓa kama shi da takarda. Daga ranar fuskar Radha ta koma jikin leda. Duk wanda ya zo ɓare ledar nan gaba, da fuskar zai ɓare.

Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. Ki karkata zanen a gefen taga ki dubi sarƙar wuyan Radha. Za ki ga duwatsun farare sun ɗan taso, ɗigo-ɗigo, domin da fenti mai kauri aka ɗiga su ɗaya bayan ɗaya. Zinaren gefen tufa kuma sau da yawa an tsattsaga shi da allura marar kaifi don ya riƙa kama haske. Masu zanen Basohli, wata masarautar a waɗannan tsaunuka, na ƙarshen ƙarni na 17 har fiffiken wani ƙwaro kore mai sheƙi suke yankawa su manna a matsayin zumurrudu. An yi waɗannan ne domin wanda zai riƙe takardar a hannu, ya kusanto da ita, ya juya ta a haske. Matsar injin tana murƙushe su cikin daƙiƙa kaɗan. Sannan duk danshin da ke cikin waslin an kulle shi ke nan, funfuna ta samu ɗaki. In kuma akwai koren da aka haɗa da tsatsar tagulla a ganyen bishiyar, wanda dama yakan ci takarda, zai ci gaba da cinta a ƙarƙashin roba, ba hannun da zai kai gare shi.

Masu shagon sukan ce ai gidajen adana takardun gwamnati ma suna yi. Sun taɓa yi, da wata irin hanya da William Barrow ya yaɗa a Amurka tun shekarun 1930, kuma sun daina da suka ga takardun suna lalacewa a ciki. Su da ke da ɗakin gwaji sun ja da baya, sai mai injin bakin kasuwa ne zai ba ki tabbacin har abada? Haka nake faɗa wa masu shafa man sheƙin kafintoci, da masu fesa maganin gashi wai ya riƙe fenti, da masu liƙa salatif a bayan takarda. Kowane ɗayansu yana shiga jikin takarda, ya yi rawaya, ya ƙi fita. Abin da ke ba ni takaici shi ne yawancin masu kawo irin wannan ɓarna ƙaunar abin ce ta kai su.

A fadojin da aka yi waɗannan zanuka ba a rataye su a bango. Jeri-jeri ake yin su, shafi bayan shafi, na waƙoƙin Gita Govinda da Jayadeva ya tsara a ƙarni na 12, ko na Rasikapriya da Keshavdas ya rubuta a 1591. Ana naɗe su a ƙyalle a ajiye a ɗaki mai duhu, kamar yadda malamanmu ke ajiye warwatsattsun shafukan littafi cikin gafaka. Sai lokacin kallo a kwance, a miƙa wa juna hannu da hannu. Ga masu bautar Krishna, begen Radha gare shi hoton begen rai ne ga abin bautarsa, don haka suke riƙe takardun da girmamawa. Duhun nan da ƙarancin taɓawa su suka sa launukan zamanin Raja Sansar Chand, wanda ya mulki Kangra daga 1775 zuwa 1823, suke nan garau har yau.

To ga abin da za ki yi yau. Sauke shi daga bango, ki kwantar da shi fuska sama. In fentin ya manne da gilashin firam, kada ki raba su, ki bar shi yadda yake. In bai manne ba, ki zare shi a hankali da busassun hannuwa, ki ɗora a kan kwali marar asid, ki sa a akwati mai murfi wanda ba zai taɓa fuskar ba. Ɓarɓashin da ya zubo ki tattara a 'yar takarda, ana mayar da shi. Akwatin ya zauna a ɗakin tsakiya, nesa da bangon waje, da kicin, da hayaƙin janareta da na turaren wuta. Kada ki hura masa iska da baki, kada ki kaɗe shi da buroshi. Ki ɗauki hotonsa mai kyau, ki buga, wannan kwafin in kina so ki yi masa laminatin ki rataye. Gyaran ainihin kuwa na mai adana takardu ne, wanda zai zura ɗan tsinkakken manne ƙarƙashin kowane ɓawo da siririn buroshi, yana kallo ta madubin ƙara girma. Ki fara tambaya wurin masu kula da tsofaffin rubuce-rubucen hannu, kamar na Gidan Arewa a Kaduna, kuma ki tambayi duk wanda aka haɗa ki da shi ko ya taɓa gyara fenti, ba tawada kaɗai ba.

Batun shekarunsa, ki sassauta zato. Dokar Indiya ta 1972 ta hana ɗaiɗaikun mutane fitar da zanen da ya haura shekara 100 daga ƙasar, kuma a Jaipur da Udaipur har gobe ana kwaikwayon salon Kangra da na masarautar Kishangarh ta Rajasthan, sau da yawa a kan tsofaffin takardun kotu masu hatimin sarakuna. Saboda haka tsufan takarda ba ya nuna tsufan zane. Gwajin launi ne ke raba gardama: in aka samu farin fentin titaniyam, wanda bai shiga kasuwa ba sai wajen 1920, magana ta ƙare. Na fi kyautata zaton na ƙarni na 20 ne. Amma ko da haka ne, da ƙaro da wasli aka yi shi, ruwa da zafi za su yi masa abin da za su yi wa na fadar Kangra. In kin ɗauki hoton gaba da baya, har da duk wani rubutu da ke bayan takardar, ki turo mini in duba.